Baba Mai Guga Ya Ƙi Sauri

A bakin teburin guga Baba ke tsara waƙoƙin yabo, tsakanin tururin riguna da ƙaurin gawayi. Waƙoƙinsa ba sa gaggawa. A ƙarshen kowane layi yakan bar ɗan fili, domin matarsa na fama da fuka, kuma a wannan filin take jan numfashi ta kamo layi na gaba. Ita ce ma'auninsa. In ta yi tari a tsakiyar baiti, sai ya rage kalma.

Ana nan aka naɗa ɗan ƙanensa shugaban mawaƙan majami'a. Ya kawo jita da sabuwar ganga, ya sa waƙoƙin gudu. Matasa suka cika kujeru. Ita kuwa matar Baba ta koma motsa leɓe kawai, daga baya ta daina ko buɗe baki.

Baba ya tare shi a ƙofar shago.

"Ɗana, wa ke bin ku a guje ne?"

"Baba, zamani ne. Kafin a gama baitinka ɗaya, mai ciki ta haihu."

"Ta haihu mana, mu tarbi jaririn da baiti na biyu. Mamanka ba ta iya bin ku."

"In na ja waƙar, yara za su watse."

"Ita ai ta riga ta watse tana zaune."

Ɗan ya yi dariya, ya ce zai duba. Bai duba ba.

Ran Lahadi aka ɗauko wata waƙar Baba, ganga ta zabura. Baba ya miƙe ya kama ta yadda ya haife ta, da muryarsa mai kama da kukan tsohuwar ƙofa. Jama'a suka kai ƙarshe suka zauna, shi yana baiti na biyu. Fasto ya yi gyaran murya. Wani dattijo ya ja masa gefen riga, Baba ya fizge.

"Baban yara, zauna," in ji matarsa ƙasa-ƙasa. "Kana ba mu kunya."

Ya kai ƙarshen layi ya tsaya, idonsa a kanta. Shirun ya yi tsawo, bai zauna ba.

Ta yi tsaki, ta dafa kafaɗarsa ta tashi. Ta ja numfashi a hankali, ƙirjinta na ƙara, ta kama layi na gaba. Saura baiti uku, kuma duka suka yi su a tsaye, majami'a na jira.