Tashar da Tsohon Ya Kai Ni

Shekarata ta biyu a Stapleton, can ƙasar Turawa, na samu aikin kula da wani dattijo Bature da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keken guragu. Ya haura tamanin, ba ya son surutu. Baba nake ce masa, bai taɓa hana ni ba.

Wata safiya ya ƙi karin kumallo, ya ce in kai shi bakin ruwa. Na sa shi a mota, yana nuna mini hanya da hannunsa mai lafiya, har muka tsaya bayan wani garejin gyaran motoci. Na tura kekensa cikin ciyawa. Sai ga wani dandamalin siminti duk ya tsattsage, ga ƙarafan dogo sun yi tsatsa, bishiyoyi sun tsiro a tsakaninsu. Gaba kaɗan ruwan teku ne.

"Tasha ce," in ji shi. "Ubana ne mai sayar da tikiti."

Ranar ya yi maganar da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce lokacin yana yaro wurin ƙauye ne, gonakin kabeji da masunta kawai. Jirgi ba ya tsayawa sai an ɗaga masa hannu. Mata su shiga da kwandunan kayan lambu, maza su tafi aiki birni. Da motocin bas suka yawaita, fasinja suka ragu, aka rufe tashar. Ubansa ya ci gaba da zuwa yana share dandamalin har ƙarfinsa ya ƙare.

Na ce masa ai ni ma mahaifina reluwe ya yi wa aiki a Nguru, can ƙarshen layin dogo.

"Wane aiki yake yi?"

Wallahi ban sani ba. Na san dai kakinsa da fitilarsa.

"Yana da rai?" Na ce yana nan. Ya ce, "To kira shi yanzu."

Can gida ƙasarmu la'asar ta yi. Ƙanwata ta ɗauka, ta miƙa wa mahaifinmu wayar, na juya masa kyamara ya ga dogon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, wa ya bar layi haka? Tambaye shi, da hannu suke juya layi ko da wayar ƙarfe?"

Na zama tafinta. Tsofaffin nan biyu suka shafe kusan awa guda suna hira, har da gardama a kan fitilar ba da hannu. A nan na fara jin cewa mahaifina mai juya layi ne, wato mai sauya wa jirgi hanya, kuma ya taɓa tsayar da jirgin gyaɗa da jar hularsa saboda ruwa ya cinye ƙasan dogo.

Daga ranar, duk Lahadi nakan kira mahaifina in yi ta tambaya, shi kuma ya yi ta ba ni labari, wani lokaci ya maimaita na makon jiya. Mun samu shekara biyu muna haka kafin Allah Ya karɓi abinsa. Baturen ya riga shi da wata bakwai. 'Yarsa ta gayyace ni jana'iza, na je, na gaya mata abin da mahaifinta ya yi mini. Ta ce ita bai taɓa kai ta tashar ba, ta roƙe ni in nuna mata. Ranar Asabar na kai ta, tare da 'ya'yanta biyu.