Ciyawar Isiyaku

Isiyaku mutumin Funtuwa ne, noman rani ya gada. Da ya zo Riyad, aikin da ya samu bai yi nisa da gadon ba: renon ciyawa a wani ƙaramin filin wasa da ke bayan gari. Ɗakinsa yana unguwar Ulaisha, amma a filin yake wuni. Kulob ɗin ƙwallon ƙafa mai filin shi ne kafilinsa, wato da sunan kulob aka buga masa iƙama, takardar zama a ƙasar.

'Yan zari-ruga kuwa hayar filin suke yi. Yawancinsu Turawa ne masu aiki a ofisoshin unguwar Ulaya. Su ƙasa mai laushi suke so, don faɗuwa ce rabin wasansu. 'Yan ƙwallo kuma ba sa son su ga ko rami ɗaya. Shekaru Isiyaku yana raba wannan gardama da ruwa da shebur. Ran Alhamis ya jiƙe fili, ƙartin su turmushe juna su yi kaca-kaca da ciyawa, Juma'a ya wuni yana cike ramuka yana daddaɓewa, Asabar 'yan ƙwallo su tarar da wuri sumul.

A 2013 gwamnati ta mayar da hutun mako Juma'a da Asabar. Zari-ruga ya koma yammacin Juma'a, ƙwallo na nan a Asabar ɗinta. Ranar gyaran Isiyaku ta tafi.

Ba a daɗe ba wani ɗan gaban kulob ya gurɗe a rami. Manajan kulob ɗin ya kira Isiyaku ofis.

"Ya Ishak, ba ruwa ran Juma'a. Busasshiyar ƙasa ba ta tonuwa. Iƙamarka ta kusa ƙarewa, ka sani. In na sake ganin rami, halas, shi ke nan."

Isiyaku ya bi umarni. Rana ta gasa filin, ya zama kamar daɓe. A Juma'a ta biyu yana tsaye bakin layi wani ɗan zari-ruga ya faɗi a kan kafaɗarsa. Ƙarar ƙashin har inda yake ta kai. Ranar Isiyaku bai iya cin abinci ba.

Juma'ar da ta biyo, da hantsi, Jibrin ya same shi a ɗakin famfo. Jibrin ɗan wasan zari-ruga ne, haifaffen Riyad, iyayensa 'yan Damagaram, Hausarsa duk Larabci ya cinye ta.

"Kawu, wallahi ƙasan nan siminti ce. Ka ba ta ruwa, ko shuwayya, ɗan kaɗan."

"Kai ɗan nan, in aka kore ni, kai za ka ciyar mini da iyali?"

"Yau ni za su fi kayarwa, Kawu. Ni ne siriri."

"To wa ya aike ka wasan bijimai?"

Jibrin ya yi dariyar yaƙe ya fita. Isiyaku ya zauna a kan bokiti, ya zuba wa famfon ido. Ya tuna 'ya'yansa mata da ke makaranta a Funtuwa. Ƙarar ƙashin nan kuma ta ƙi barin kunnensa. Da aka fara kiran sallar Juma'a ya miƙe, ya murɗa famfon har ƙarshe, ya tafi masallaci.

An yi wasa, babu wanda ya karye. Tsakiyar fili kuwa ta koma kamar garken shanu. Tun asubar Asabar yake cikewa, amma jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta ɓoye rauni. Manajan ya zo da rana, ya taka wani faci, facin ya zame. Ya dubi takalminsa, ya dubi Isiyaku, ya juya ya tafi.

Ba a sabunta iƙamar ba. Jibrin ne ya kai shi filin jirgi da jakunkunansa. Ya so ya ba shi haƙuri, Hausar ta ƙi zuwa.

Isiyaku ya ce, "Tuƙa kawai. Ni na murɗa, ba kai ba."