Kada a Sa Masa Sukari

Yau Talata. Ƙafafuna a kumbure, sukari ya hau, amma na kasa kwanciya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan Hadiza ta bugo mini daga Maraɗi cewa mahaifinta, abokina Alhaji Isufu, ya rasu.

Na yi kuka. Sannan ta faɗa mini maganar da ta sa na zauna rubuta muku wannan.

Mutanen ginin kasuwar Tianxiu, 'yan'uwana fatake a nan ƙasar waje, kun san shi. Shi ke raka baƙi garin Xintang sayen wandon jins. Da ƙafa ta zaunar da ni, shi kaɗai ke hawowa da shayi yana cewa, "Bakano, tashi, laoban ya iso!" Wato maigida, a yaren mutanen ƙasar.

Sai ƙuraje masu zafin wuta suka zagaye masa ƙugu, likita ya ce ƙwayar cutar ƙarambau ce ta farka. Suka warke, daga baya mantuwa ta shigo. Mutumin da ya san kowane lungu aka tsince shi a titin Huanshi Lu bai san hanyar ɗakinsa ba.

Nan aka fara cewa asirin kasuwa ya yi, ya juyo kansa. Wasu har suka daina sa hannu a kwanonsa.

Shi kuwa yana ta cewa, "Wallahi tun ƙurajen nan kaina ba daidai ba." Aka yi dariya.

To ku saurara! Hadiza nas ce. Ta ce, "Baba, masana suna binciken ko irin waɗannan ƙwayoyin cuta na da hannu a ciwon mantuwa. Ba a tabbatar ba tukuna, amma ba shirme Abba ya faɗa ba."

Allahu Akbar! Ciwo ne, jama'a, ciwo! Ba asiri ba.

Ranar da za a mayar da shi gida na je sallama. Bai gane ni ba, ya tambaye ni daga wane gari nake. Amma da aka zo zuba mini shayi sai ya riƙe hannun mai zubawa.

"Kada a sa masa sukari."

Allah Ya jiƙan Isufu, Ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, musamman wanda ya taɓa janye hannu.

Na aika wa Alhaji Sani, wanda ya fara maganar asirin, ya zo ya ji da kunnensa. Ya ce bayan la'asar. Na dafa shayi na jira. An yi magariba, bai zo ba.