Lauyan da ya manta da ta'aziyya

Kawu ya tuɓe takalmi a bakin ofishin lauya, ya shiga da sallama, ni kuma ina biye da shi riƙe da takardu.

Ni na ɗauko shi tun daga Kebbe har Tambuwal. Ɗansa ya rasu, ko arba'in ba a yi ba wani maƙwabci ya shiga gonar marayun da mamacin ya bari. Na yi ta cika baki cewa lauyan nan bai san faɗuwa ba.

Kawu ya zauna, ya ce, "Barista, ɗana na ya rasu."

Lauya bai ɗago kai daga waya ba. "To. Akwai takardar gonar?"

Kawu ya ɗan jira. Ni ɗan kasuwa ne, na san shirun mutumin da ya fasa ciniki. Sai Kawu ya miƙe.

A waje na ce, "Kawu, wallahi ya iya aiki."

Yana sa takalmi ya ce, "Ɗana, wanga bai ce Allah ya jiƙan mamaci ba. Mi za shi ce ma alƙali kan marayu?"

Na lallashe shi har tasha, ya ce ya bar wa Allah. Bana da damina na bi ta gonar. Gero ya yi kyau, amma ba na marayun ba ne.

Har yau ina jin da lauyan nan ya ce "ya haƙuri?", da yaran nan suna cin geronsu. Ku fa, kun ga laifin Kawu?