Ɗaya Mai Baki, Bakwai Mai Ɗamara

Duk abin da zan manta a aikin malanta, ban da wata Laraba a wata sakandare da ke Lolo, lokacin ina koyon koyarwa. Ranar ce malamin da kwalejinmu ta turo zai zauna a ajina ya ba ni maki. In ya kayar da ni, sai na maimaita shekara guda cur, ga shi babana ya riga ya gama gaya wa mutanen garinmu Bahindi cewa bana ɗiyarsa za ta gama.

Darasin aljabara ne, cika murabba'i, kuma misalin da na shirya shi ne x² + 8x + 1 = 0. Aikin ba wuya: rabin takwas huɗu, huɗu sau huɗu sha shida, a cire lambar ƙarshe, saura sha biyar. Ni da lissafi ba mu da faɗa, amma tsoro ya sa na yi abin da nake hana ɗalibai yau, na haddace amsar. Har a kan hanya sha biyar nake ta nanatawa.

Mutumin ya shigo, dattijo mai tabarau, fuska ba annuri, ya zauna a bencin baya. Don in burge shi, na miƙa wa wata ɗaliba littafina na ce ta kwafe tambayar a allo. Yarinya ce shiru-shiru, wadda ta yi firamare wurin kakanninta a tsallaken iyaka, cikin ƙasar Benin.

Na fara aiki da ƙarfina. Na rubuta (x + 4)², na dubi lambar ƙarshe na ga bakwai, na faɗa wa aji, na cire ta daga sha shida, sai ga tara. Na goge na sake, tara ta dawo. Alli ya karye a hannuna, gumi ya jiƙa mini hijabi, ina jin ƙarar biron dattijon a kan takarda. Don ruɗewa ko tunanin duba littafina bai zo mini ba. Wallahi har na ɗaga hannu zan rubuta sha biyar da ƙarfin tsiya, in ga wa zai ce uffan.

Sai yarinyar ta ce a hankali, "Malama, ɗaya ce na rubuta, ba bakwai ba."

Ashe can inda ta koyi rubutu, ɗaya dogon baki ake ja mata, bakwai kuma sai an ratsa mata layi a tsakiya kamar ɗamara. Ta fito ta rubuta su biyun kusa da juna, aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa na samu bakin zaren. Na nuna musu cewa da bakwai ce, da tambayar ta rabu cikin sauƙi, (x + 1)(x + 7), amma mai ɗaya ba ta rabuwa haka, shi ya sa ake cika murabba'i. Har na fara jin na tsallake.

Da aka tashi, dattijon ya ce yarinyar ta kawo masa littafin aikinta. Ya yi ta buɗe shafuka, ko'ina jan birona ne, na soke nan na soke can.

"Darasinki ya yi, Malama," in ji shi. "Amma ba zan sa hannu ba sai kin sake duba wannan a gabana."

Na zauna na sake dubawa. Yawancin abin da na soke mata cikin mako uku daidai ne, ɗayarta nake karantawa bakwai. Na tambaye ta me ya hana ta magana tuntuni. Ta sunkuyar da kai ta ce ta ɗauka ita ce ba ta da kan lissafi, har ta gaya wa innarta za ta bar ajin kimiyya.

Ya sa hannu, na ci, amma ban iya yin murna ba, kunya ce ta rufe ni. Ni minti biyar na yi ina shakkar kaina a gaban allo na kusa suma, ita kuma mako uku na sa ta tana shakkar kanta. Tun daga ranar ba na soke aikin ɗalibi sai na kira shi na ce ya karanta mini abin da ya rubuta da bakinsa.