Yawun da Maestro Nabor Ya Goge

Duk faɗin garin Neza babu mai ƙyanƙyami kamar Maestro Nabor Tapia. Mutum ne da ko tako, wainar masara mai nama a ciki, zai saya a bakin titi sai ya tsaya ya ƙare wa farcen mai sayarwa kallo kafin ya miƙa hannu. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shi nasa abincin a wurin da ya fi ko'ina ƙazanta a garin aka ajiye masa.

A hannun mahaifinsa ya koyi ɗaukar hoto, a wani ɗan shago mai labule da zanen tafki da agwagi, inda ake kawo jarirai ranar baftisma, da amare, da 'yan mata masu bikin cika shekara sha biyar. Can ya gwanance a gyaran fuska. Da ɗan burushi siriri kamar gashin ido da ɗigon tawada yake ɓatar da ƙuraje, ya shafe tabo, ya mayar da suruka mai harara ta koma kamar waliyyiya. Tsohon yakan ce masa ba wanda ke biya don a nuna masa yadda yake, wannan aikin madubi ne, kuma kyauta yake yi.

Da tsohon ya rasu, mai gida ya karɓe shagon ya ba masu faci. Nabor na zaune a ƙofar gida da kyamara a cinya sai ga Isidro, ɗan maƙwabciyarsu Doña Felipa, dogo siriri, gashi har kafaɗa, wuya a tanƙware. Tun yana ƙarami ake ce masa Ungulu.

"Maestro, ran Lahadi da yamma muna wasa a tsohon siton kwalabe. Zo ka ɗauke mu mana."

"Wane irin wasa?"

"Kiɗan rok. Na mutanen kirki."

Da farar riga da laktayi ya je. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare shi: zufa, giyar da ta kwana a ƙasa, fitsari, da gam ɗin da yara ke shaƙa a leda. Rufin kwano ya tara numfashin ɗaruruwan mutane yana ɗigo musu da shi a ka. Aka tura shi gaba, tsakanin dandamali da jama'a. Wani ƙato mai tumbi da ake kira Tukunya ya hau dukan ganga kamar ta ci masa amana, Ungulu ya rungumi jita ya buɗe baki, sai Nabor ya ji wani abu mai ɗumi ya sauka masa a ƙeya. Ya ɗauka rufin ne. Ya shafa, ya duba hannunsa.

Kaki ne.

Kafin ya waiga an fara ruwansa. Daga kowace kusurwa ake tofowa, ana auna mawaƙin, wanda bai kai ba ya sauka a kan mai hoto. Shi kuwa Ungulu ya ware hannuwa ya bankaro ƙirji, fuska na ƙyalli, kamar manomin da ya ga ruwan farko.

Da aka tashi Nabor ya tsare shi a waje.

"Kai wane irin ɗa ne? Ana tofa maka yawu kana murmushi?"

"Haba Maestro, so ne. Masu kuɗi su tafa, mu nan ba mu da hannun tafi, ɗaya na riƙe da kwalba ɗaya na riƙe da wando."

"Tir da wannan so! Ni da wurin nan har abada."

Sai dai ran Asabar, a kasuwar 'yan rok da ke ci a gefen layin dogo, hotunan suka ƙare kafin rana ta take. Yara suka yi ta ɗaga su sama suna dubawa, wanda ya fi yawu shi ya fi tafiya. Lahadi ta zagayo, Nabor ya koma, wannan karon da rigar ruwa.

Haka ya shekara kusan talatin. Bai taɓa son kiɗan ba ko na sakan ɗaya. Yakan ce kamar an sako kwanuka daga bene kare na bin su. Da auduga yake toshe kunne, ya naɗe kyamara a leda, ya bar mata ido kawai. In ya dawo gida matarsa Otilia ba ta barinsa ya taka ɗaki. A tsakar gida yake tuɓewa, ta watsa masa ruwa daga nesa tana kau da kai.

"Mazan mutane su dawo suna ƙamshin wata mace," in ji ta, "ni nawa warin mutum ɗari biyar yake kawo mini."

Ya ɗauki mawaƙa ba adadi: masu kumfar baki, masu amai a bayan lasifika su goge da hannu su dawo su ci gaba, masu fasa goshi da kwalba don a ce sun kai. A ɗakin duhu, in fuskokinsu suka fara fitowa a cikin ruwan wankin hoto, yakan riƙe takardar da ɗan matsefi yana yamutsa fuska, kamar abin zai iya tsallakowa ya taɓa shi. Amma idonsa bai san ƙyama ba. Ya san daidai lokacin da jijiyar wuya ke tashi, da lokacin da fitila ke kama tofi a iska ya yi walƙiya, kuma yatsansa bai taɓa makara ba. Wannan ya fi komai ba shi haushi.

Hanta ce ta kashe Ungulu, a farkon damina. Da Ranar Matattu ta matso, ranar da ake cewa mamata kan ziyarci gidajensu su ci abin da aka ajiye musu, Doña Felipa ta shigo gidan Nabor lulluɓe da baƙin mayafi.

"Maestro, ina shirya wa yaron nan teburinsa. Na samu fure, na samu kyandir, zan dafa masa kazarsa mai yaji. Hoto ne babu."

"Ko ɗaya, Doña?"

"Sai na ranar da ya fara karɓar jibi a coci, yana ɗan shekara bakwai. In na ɗora wannan, yaro ƙarami ne zai zo ya tarar da kwalbar giya a gabansa. Ka taimake ni da na girmansa, wanda in ya zo zai gane gidansa ya tsaya ya ci."

Nabor ya zazzage akwatunansa. Ungulu a durƙushe, Ungulu a kwance, Ungulu baki wangame har ana hango dasashin haƙoransa, kuma a kowanne jiƙe yake sharkaf da abin bakin mutane. A ce wannan za a ɗora tsakanin furanni, kusa da abinci, a gaban tsohuwa? Ya rantse ko sau ɗaya ne sai yaron nan ya shiga gidan uwarsa da tsabta.

Da ƙyar ya samu guda inda bakin ke rufe, tsakanin numfashi da numfashi. Ya wanke shi babba, ya lalubo tsohon burushin mahaifinsa, ya zauna. Ɗigo bayan ɗigo ya bi yana cikewa: goshi, kunci, haɓa, har wani dogo da ke lilo a gefen kunne. Da hannu ya faɗa sai ya zarce. Ya shafe tabon kwalba, ya kwantar da gashin, ya rufe yagaggiyar rigar da kwala mai guga. Otilia ta leƙo ta ce, "Kai, ashe yaron kyakkyawa ne." Tunda yake bai taɓa yin aikin da ya yi masa daɗi haka ba.

A jajibiri ya kai shi, cikin gilashi, naɗe da takarda. Ɗakin Doña Felipa na ƙamshin turaren wuta da furanni ruwan ɗorawa. Tukunya na can bisa kujera yana rataye ado. Tumbin na nan, haƙoran ne suka tafi. Tsohuwa ta warware takardar, ta kai hoton bakin taga, ta daɗe tana kallo.

"Maestro, wane ne wannan?"

"Isidro ne mana, Doña."

"Isidron wa?"

Tukunya ya sauko ya leƙa ta kafaɗarta, ya tuntsire da dariya har da tari.

"Wayyo cikina! Mama, ai manajan banki aka kawo miki. Ranka ya daɗe, a taimaka mana da rance!" Sai ya daina dariyar. Ya sake dubawa. "Tsaya. Maestro, wannan ba wasan ranar bikin unguwa ba ne? Ina abin?"

"Na goge."

"Ka me?"

"Na goge ƙazantar, Tukunya. Mamaci ne. A bar shi ya huta."

"Shekara talatin kana tsaye a gabanmu, ashe ba kunne kaɗai ka toshe ba. Ka san wa ake bari ya sauka a bushe? Ka manta yaran nan 'yan unguwar masu kuɗi, masu jita sabuwa fil? Waƙa shida suka yi, ko ɗigo ba su samu ba, mai gangarsu kuka ya yi a bayan sito. Ranar wannan hoton kuwa mutane daga ƙauye suka hau mota don su zo su tofa wa Ungulu. Akwai wanda ya ƙi shan ruwa tun safe don nasa ya yi kauri!"

"Ya isa, don Allah," in ji Nabor.

"Shi ke nan abin da ya tara a duniya. Ba gida, ba mata, ba ko jitar kansa. Ka zo da ɗan burushinka ka kwashe."

"Ƙazanta ce! Ko ka kira ta sarauta, ƙazanta ce!"

"Wa ya ce ba ita ba ce?" Doña Felipa ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "Maestro, kai rigar ruwa kake sawa. Ni ke wanke tasa rigar. Da sanda nake ɗaga ta, in tafasa ta a garwa, in kwana ban ci abinci ba. Kada ka koya mini ƙyamar abin nan, na riga ka." Ta miƙa masa hoton. "Amma tafiyar da zai yi doguwa ce. In ya leƙo ya ga baƙo a kan teburinsa, cewa zai yi ya ɓata hanya, ya wuce. Ka san shi, ba ya tambaya. Sai ya yi ta yawo da yunwa har baɗi."

Nabor ya karɓa ya ajiye shi gefe, ya fita. Ya koma gida bai kula Otilia ba, ya shige ɗakin duhu. Ya zaro wanda tun ranar da ya ɗauke shi bai yarda ya sake kallo ba: Ungulu a gwiwa, kai a sama, baki buɗe, fitila ta bayansa ta haska duk abin da ke shawagi a iska da wanda ya riga ya sauka. Sau uku yana wankewa yana yagawa, don ɗigon da ke kan gira bai fito sosai ba. A na huɗu komai ya fito, har kumfa. Ya fita tsakar gida ya tsuguna bakin rariya ya daɗe.

Kafin la'asar ya koma. Doña Felipa na buɗewa ta ja baya, ta toshe hanci da mayafi.

"Kai, tir! Dubi ƙazamin yaro." Idonta ya kawo ruwa. "Shi ne. Tukunya, ɗora shi a sama, a tsakiya."

Tukunya ya ɗora, ya cire hula. Nabor ya ga maƙogwaronsa na motsi, ya daka masa tsawa: "Ka kuskura!" Ƙaton ya haɗiye.

Nabor ya ɗauki gyararren hoton zai fita, tsohuwa ta riƙe gefensa.

"Bar mini wannan. Zan aika wa ƙanwata da ke garin Puebla, na daɗe ina ce mata a ofis yake aiki. Zauna a zubo maka kaza."

"Na ƙoshi, Doña."

Ta juya ga teburin, ta dubi hoton, ta dubi farantin da ke daidai ƙarƙashinsa.

"Tukunya, ɗan matsar da abincin nan gefe, kada ya ɗiga a ciki."