Tseren kwamfutata da ta ƙanen matata

Jama'a, yau an kayar da tsohuwar kwamfutata a gaban shaidu, ni kuwa har yanzu ban sallama ba.

Da hantsi wani malamin Islamiyya daga Argungu ya zo shagona a unguwar Badariya. Bidiyon walimar saukar ɗalibansa yake so a haɗa, kuma wanda ya fi sauri shi zai riƙa yi musu kowace shekara. Sai ga Bashiru, ƙanen matata mai shago jikin nawa, wai sabuwar kwamfutarsa ta fi.

Na ce, "Yaro, karanta lambar gudun furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Tawa uku da rabi, taka biyu da rabi. Magana ta ƙare."

Ya ce, "Yaya, taka ƙato guda na cikin gonar shinkafa. Tawa mutum sha biyu na, kowa da laujenai."

Muka saka bidiyo ɗaya, muka danna tare. Tawa ta kama ruri kamar injin ban ruwa a Zauro, har mai shayi ya leƙo. Ban gama gyara zama ba Bashiru ya ce, "Malam, ga aikinka." Tawa ko kwata ba ta kai ba!

Na ce, "Malam, dakata, numfashi take ɗauka."

Ya ce, "Allah shi ba ta lafiya, Alhaji." Ya nufi tasha.

Sai bayan la'asar tawa ta gama, aiki tsaf. Na kira Malam in yi masa albishir. Ya ce yana Argungu, iyayen yara har sun kalla sau biyu.